Ba Kowane Farin Gari Ne Maganin Tsamin Ƙasa Ba

In kaka ta yi aka fara cirar gyaɗa a gonakin da ke kewaye da Kaura Namoda, akwai abin da manomi kan yi tun kafin ya kira mata masu tsinka. Zai tuge gindi ɗaya, ya kakkaɓe ƙasar, ya ɗauki ƙwanso ya matsa tsakanin babban yatsa da manuniya. In ya ji tauri sai ya yi hamdala. In kuwa ƙwanson ya lotse, ya fashe ba komai a ciki sai wata 'yar ƙwaya da ta motse ta yi baƙi, to ya san bana harawa ya noma. Ganye ya yi shar, ruwa bai yi gardama sosai ba, taki ma an zuba, amma buhuna sun ƙi nauyi.

A da, amsar da ake ba mai irin wannan kuka ita ce gonar ta gaji, a kai mata taki ko a bar ta ta huta. Yanzu wata amsa ta shigo ta wayar hannu. Bidiyoyin noma daga Kenya da Indiya da kudancin Najeriya suna ta nanata magana guda: ƙasarka ta yi tsami, zuba mata layim. Manomin da ya yarda ya nufi kasuwa neman wannan layim, sai ya tarar da farin gari iri-iri. Ga na masu shafen ɗaki, ga na masu kiwon kaji, ga na masu silin, ga wanda masu walda ke zubarwa a bayan shago. Duk farare ne, duk ana iya ce musu farar ƙasa, amma aikinsu a gona ya sha bamban ƙwarai. Wani zai gyara, wani ba zai yi komai ba, wani kuma zai ƙone shukar har da hannun mai zubawa.

Tsamin ƙasa abu ne da ake aunawa. Ma'aunin ana ce masa pH, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ne ya fito da shi a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14, kuma 7 ce tsakiya. Abin da ya yi ƙasa da 7 tsami ne, abin da ya haura kuwa ya karkata wajen kanwa. Duk macen da ta taɓa jefa ɗan gutsuren kanwa a tukunya don ta kashe tsamin yakuwa ta riga ta san yadda abin yake. Layim a gona wannan aikin yake yi. Sai dai matakan ma'aunin ba su da sauƙi kamar yadda suke a ido: ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma, ta ninka mai 7 sau ɗari.

Yawancin amfanin gona sun fi sakewa tsakanin 6 da 7. Matsala takan fara ne in an gangaro ƙasa da 5.5. A nan ne sinadarin alminiyam da ke kwance a cikin ƙasa yake narkewa ya riƙa ƙone bakin saiwa. Saiwar sai ta gajarce ta kumbura, ta kasa nitsewa neman laima, ta yadda fashin ruwa na mako guda zai sa shuka ta yi yaushi kamar an yi wata. A nan ne kuma ƙasa ke kame sinadarin fosfaras, wanda manomi ya saya da tsada a cikin kamfa, ta hana shuka shansa. Wake da gyaɗa su ma 'yan ƙullutun da ke jikin saiwarsu, masu jawo musu abinci daga iska, sukan ragu.

To, shin ƙasar Kaura da Shinkafi da Zurmi ta kai can? A nan ne ya kamata a yi hattara da shawarar da aka ɗauko daga wata duniya.

Babban mai kawo tsami shi ne ruwan sama mai yawa, wanda ke wanke kalsiyam da magniziyam ya nutsar da su inda saiwa ba ta kaiwa. A Kalaba ana samun ruwan da ya kusa milimita 3,000 a shekara, shi ya sa ƙasar can take da tsami na asali. Arewacin Zamfara kuwa ko sulusin wannan ba ya samu, kuma cikin wata huɗu ko biyar ya gama. Ga kuma wata kyauta da ba a cika lura da ita ba. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, wadda ke toshe hanci ta fasa leɓe, tana ɗauke da kalsiyam da potash, kuma kowace shekara sai ta shimfiɗa su a kan gonakin ƙasar Hausa. Masana sun auna wannan ƙura a yankin Kano tun shekarun 1970 da 1980. Saboda haka yawancin gonakin wannan sashe tsaminsu kaɗan ne, irin wanda gero da dawa da wake ba su damu da shi ba.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Jigawar wannan yanki rairayi ce, ba ta da laka sosai, ba ta da ruɓaɓɓen taki mai yawa, kuma waɗannan biyun su ne ke riƙe ƙasa kada ta sauya da wuri. Ƙasa mai rairayi abu kaɗan ke juya ta. Abin da ke juya ta a yau shi ne takin zamani mai naitirojin. Duk buhun yuriya mai kilo 50 da aka zuba yana barin tsamin da sai an sami wajen kilo 40 na garin dutsen layim kafin a kashe shi. Takin salfa na amoniya, wanda aka fi sani a shekarun baya, ya fi haka ɓarna: kilo 100 nasa yana bukatar kilo 110. Ba a ganin abin a shekara ɗaya ko biyu. Taruwa yake yi a hankali.

Wannan ba zato ba ne. A Samaru ta Zariya, Cibiyar Binciken Aikin Gona tana da wani filin gwaji da aka fara tun 1950, inda aka yanka fili kashi-kashi, wani ana ba shi kashin shanu, wani takin zamani, wani duka biyu, shekara da shekaru ba fashi. Abin da ya fito fili shi ne, inda aka dage da takin naitirojin zalla ƙasar ta yi tsami amfani ya ja baya, inda kuwa aka haɗa da kashin shanu ƙasar ta riƙe kanta. A Sadore kusa da Yamai, cibiyar ICRISAT ta ga irin haka a gonakin gero masu rairayi tun shekarun 1980: takin zamani shi kaɗai ya ƙara tsami, amma da aka riƙa barin karan gero a gona sai lamarin ya yi sauƙi. Ƙasar Sadore kuwa 'yar'uwar jigawar Shinkafi da Zurmi ce.

Takin zamani ya zauna da gindinsa a wannan yanki tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe aikin bunƙasa noma na Gusau tare da na Funtuwa da na Gwambe da tallafin Bankin Duniya. Wato akwai gonakin da suka yi wajen shekara hamsin suna shan sa. Sannan ga halin da ake ciki na rashin tsaro. Gonakin nesa da yawa sun gagari zuwa, jama'a sun dawo sun matsu a na bakin gari, ba sauran maganar hutar da gona. Satar shanu ta rage garken da a da kan kwana a gona bayan girbi ya bar mata kashi da fitsari. Kara kuwa ana kwashe shi tas, don dabbobi da danni da girki. Duk abin da ke tare tsami ya ragu, abin da ke kawo shi ya ƙaru. Don haka ba abin mamaki ba ne a sami gona a Kasuwar Daji ko Moriki ko Badarawa da ta gangara ƙasa da 5.5, alhali ta maƙwabci lafiyarta ƙalau. Ido ba ya raba su, sai awo.

In awo ya nuna akwai tsami, sai a zo ga zaɓi.

Na farko, kuma wanda ya fi dacewa da yawancin manoma, shi ne ɗanyen dutsen layim da aka niƙa ya zama gari, ba a ƙona shi ba, ba a yi masa komai ba. Shi ne dutsen da ake yin siminti da shi, kuma ba baƙo ba ne a wannan sashe. A Kalambaina da ke gefen Sakkwato akwai shimfiɗarsa mai yawa, a kansa ne aka kafa kamfanin siminti a 1962, wanda ya fara aiki a 1967, yanzu kuma yake hannun BUA. Irin dutsen ne ya miƙe har Malbaza a Nijar. Wannan gari ba ya ƙuna, ba ya cin hannu, yana narkewa a hankali, kuma in an zuba shi daidai yakan yi shekara biyu zuwa uku ko fiye yana aiki. Da shi ake auna ƙarfin sauran: in tsantsarsa ce, ana ba shi maki 100.

Abin dubawa a wurinsa shi ne laushi. Garin da ya yi laushi kamar na tuwo yana fara aiki a daminar farko. Wanda ya yi tsaki-tsaki kamar na abincin kajin ƙwai zai iya shekaru a ƙasa bai narke ba. Mai saye ya murza shi a tafin hannu. In ya ji tsakuwa ta fi gari yawa, ya san kuɗinsa zai daɗe bai dawo ba.

Wani abin da manoma da yawa ba su sani ba shi ne sun daɗe suna sayen wannan dutse. A shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a Disambar 2016, wanda ya kawo kamfa 20:10:10 a kan naira 5,500, an riƙa haɗa buhun ne da yuriya da takin fosfaras na Maroko da potash, sai a cike wajen rubu'insa da ƙwayoyin dutsen layim na gida. Wasu da suka ga fararen ƙwayoyi sun ƙi narkewa a gindin masara sukan ɗauka algus ne. Ba algus ba ne, amma kuma ba magani ba ne, domin abin da ke cikin buhun da ƙyar zai biya bashin tsamin da takin da kansa ya kawo.

Na biyu shi ne dolomait. Shi ma ɗanyen dutse ne niƙaƙƙe, sai dai bayan kalsiyam yana ɗauke da magniziyam. Ya ɗan fi na farko ƙarfi, tsantsarsa takan kai maki 109, amma ya fi shi jinkirin narkewa. Amfaninsa yana fitowa ne a gonar da magniziyam ya ƙare, inda za a ga tsofaffin ganyayen masara na ƙasa sun yi ratsin rawaya tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kuwa suna nan kore. Wahalarsa nisa. Wuraren da aka san shi da su, irin Igbeti a Jihar Oyo da Burum kusa da Abuja, kafin kaya ya taso daga can ya iso Zurmi kuɗin mota ya ninka na dutsen. In takardar awo ba ta ce magniziyam ya gaza ba, babu dalilin wannan ɗawainiya.

Daga nan sai waɗanda wuta ta taɓa. In aka gasa dutsen layim a zafin da ya kai digiri 900, iskar da ke cikinsa takan fice, kilo 100 ya koma kilo 56. Wannan shi ne ƙonannen layim, mai maki kusan 179. Ƙarfinsa ne ke jan hankalin mai son araha, tunda kaɗan zai ɗauka, amma abu ne mai haɗari. In ruwa ya taɓa shi yakan yi zafi har ya tafasa. Gumin jiki kaɗai ya isa ya sa shi ya sale fata, in kuwa ya shiga ido yana iya makantarwa. A yi tunanin mutum yana watsa shi da hannu a fili cikin iskar bazara, yara suna biye da shi da kwanuka. Wannan ba kayan ƙaramin manomi ba ne, kuma babu wata gona a arewacin Zamfara da tsaminta ya kai a yi mata wannan kasada.

In aka shayar da ƙonannen ruwa, kilo 56 ɗin nan ya sha kilo 18, sai a sami kilo 74 na wani gari mai laushi sumul. Shi ne jiƙaƙƙen layim, mai maki wajen 135, kuma shi ne aka fi cin karo da shi a kasuwa, domin da shi ake shafe gini, da shi masu kaji ke tsabtace keji, hukumomin ruwa kuma suna sa shi wajen tace ruwan famfo. Yana aiki da sauri, cikin makonni. Saurin nan ne matsalarsa a jigawa. Rairayi ba shi da abin da zai tare shi, sai ma'auni ya yi tsalle ya wuce 7, manomi ya fita daga wata damuwa ya faɗa wata. Ƙasar da layim ya yi wa yawa takan kame zinki da ƙarfe da boron, masara ta fito da fararen ratsi a sabon ganye, ta tsugune ta ƙi tashi. Zinki kuwa da ma ba ya wadatar yawancin gonakin arewa. Rage tsami abu ne mai sauƙi, amma dawo da ƙasar da aka cika wa layim aiki ne na shekaru. In dole sai da shi, to a ɗan lambu mai laka, a zuba kashi uku cikin huɗu na abin da za a zuba na ɗanyen dutse, a cuɗanya, a ba da ruwa, a jira mako uku kafin dashe. A kuma rufe hanci da ido.

Farin taɓon da masu walda ke zubarwa bayan kabaid ya gama ba da iskarsa shi ma jiƙaƙƙen layim ne a asali, sai dai da datti a cikinsa, kuma ba mai iya faɗin ƙarfinsa. Siminti kuwa, ko da ya samo asali daga dutsen, ba a kai shi gona.

Sai a koma ga gyaɗa, wadda ita ce ta sa Turawa suka ja layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har ya tsaya a Kaura Namoda a 1929, ita da auduga. Gyaɗa tana da wata ɗabi'a ta daban. Kalsiyam ɗin da ƙwayarta ke bukata ba ta saiwa yake zuwa ba. Ƙwanson ne da kansa yake tsotsarsa daga ƙasar da ke manne da shi, a ɗan saman nan da bai wuce tsawon yatsa ba. In wannan wuri ba kalsiyam, ko kuma ya bushe lokacin da ƙwaya ke cika, sai a sami ƙwanso fanko ko da ganye ya rufe kunya. Wannan yana iya faruwa a gonar da tsaminta bai kai na damuwa ba. Maganinsa a nan jifsam ne.

Jifsam ba layim ba ne, ko da yake shi ma fari ne. Kalsiyam ne haɗe da farar wuta, ba ya rage tsami ba ya ƙara shi, amma ya fi dutsen layim saurin narkewa fiye da sau ɗari. Shi ya sa ake barbaɗa shi a kan kunya lokacin da gyaɗa ta fara fure, kilo 200 zuwa 400 a hekta, ruwa ya shigar da shi daidai inda 'ya'yan za su nitse. Ana haƙo shi a yankunan Dange-Shuni da Wurno a Jihar Sakkwato, kuma masu siminti ne manyan masu sayensa. Tsofaffin malaman gona da suka dage a kan a ba gyaɗa takin supa sun san abin da suke yi, domin wajen rabin buhun supa jifsam ne. Wato mai zuba supa yana ba da fosfaras da kalsiyam da farar wuta a tafiya ɗaya. Don wannan taki aka gina masana'anta a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1976. Da supa ya yi wuyar samu, manoma suka koma zuba wa gyaɗa kamfa, har da yuriya, wanda ganye kawai yake ƙara mata.

A fadama labarin yakan juye gaba ɗaya. Masu albasa da tumatir da tattasai a bakin Gagare da Bunsuru sun san wani farin ɓawo da kan fito a saman fangali in rani ya yi nisa, ƙasa ta daskare, ruwa ya kwanta ya ƙi shiga. Wannan gishiri ne ko kanwa, kishiyar tsami. An ga irinsa a wasu sassan filin noman rani na Bakolori. Wanda ya zuba layim a irin wannan wuri ya ƙara wa ciwon ƙarfi. Ƙasa mai kanwa jifsam take so, tare da magudanar da za ta fitar da ruwan wanki. Shinkafar da ke zaune cikin ruwa ma ba kasafai take bukatar layim ba, saboda kwanciyar ruwa da kanta takan jawo ma'aunin kusa da tsakiya. Baƙin tabon da ke fitowa a gindin tumatir, wanda ake cewa rashin kalsiyam ne, sau da yawa ban-ruwa ne bai daidaita ba: yau a cika, gobe da jibi a bari ya bushe. Kanwar miya kuwa, duk da tana kashe tsami a tukunya, guba ce ga ƙasa.

Akwai kuma wanda yake kowane gida ba a saye. Tokar murhu tana kashe tsami, ƙarfinta yakan kama daga rubu'i zuwa rabin na dutsen layim, gwargwadon icen da aka ƙona, kuma tana tafe da potash. Jakin da ke fita da mangalar shara da toka da kashin awaki zuwa gona a watan Afrilu layim yake kaiwa, ko mai shi bai taɓa jin sunan ba. Wannan ne ya sa gonakin bayan gida, masu shan juji kowace shekara, ba su cika yin tsami ba. Ga mai ɗan lambu ko 'yan kunyoyi a bayan ɗaki, toka da taki sun wadatar. Sai dai a tsince leda da batir kafin a kai, kuma kada a ce za a cinna wa karan gona wuta don a sami toka, asarar ta fi ribar.

Yaya mai saye zai gane abin da aka miƙo masa? Akwai gwaji mai sauƙi. A ɗebi garin a cokali, a matsa masa lemun tsami ko a ɗiga ruwan khal. Ɗanyen dutsen layim zai yi kumfa yana tsuwa. Dolomait zai yi, amma a hankali. Jifsam ba zai motsa ba. Farar ƙasar shafe irin ta laka, kamar wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, ita ma shiru za ta yi, kuma ba ta da abin da za ta yi wa tsami ko an zuba tirela guda. Garin da ya ɗumama da aka ɗiga masa ruwa kuwa ƙonanne ne, a ajiye shi. Garin dutsen da ba a san daga ramin da ya fito ba, musamman na wuraren haƙar ma'adinai, kada ya kusanci gona. Zamfara ba ta manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum.

Awon ƙasar shi kansa ba wani abin tsoro ba ne. Ana zagaya gona a karkace, a ɗebi ƙasa a wuri goma sha biyar zuwa ashirin, zurfin taƙi guda, a guje wa gindin gawo da wurin da aka tara taki da tsohuwar suri. A haɗa a bokitin roba, a cuɗa, a shanya a inuwa, a ɗebi rabin kilo a ƙulle a leda. Ta tudu daban, ta fadama daban. Ana yin awon a Samaru da sashen aikin gona na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kuma malamin gona na ƙaramar hukuma zai iya nuna hanya. 'Yar na'urar nan mai tsinke da ake cakawa a ƙasa, wadda ake tallata a intanet, ba abar dogaro ba ce. Takardar awo mai sauya launi ta fi ta gaskiya, in an dama ƙasar da ruwan sama mai tsabta.

In sakamako ya nuna 5.5 ko sama, gero da dawa da wake da rogo da dankali ba su bukatar komai sai taki. Albasa ce mai tsirfa, ita ta fi son 6 zuwa sama. In ya gaza 5.5, a jigawa ana farawa da rabin tan zuwa tan guda na garin dutse a hekta, wato buhu 10 zuwa 20 masu kilo 50. A fangali kuwa giram 50 zuwa 100 ne a kowace murabba'in mita, kimanin cikin hannu ɗaya ko biyu. Ƙasa mai laka takan ɗauki ninkin haka. Adadin da ake ji a bidiyo, tan huɗu ko biyar, na wasu wurare ne irin Serado ta Burazil, inda jar ƙasa mai tsananin tsami ta zama rumbun waken suya bayan an kafa hukumar bincike ta Embrapa a 1973 aka yi ta zuba mata layim. Wanda ya kwaikwayi wannan adadi a rairayin Shinkafi zai lalata gonarsa ne.

Lokacin zubawa shi ne bayan sharar gona, kafin ruwan shuka, da sassafe kafin iska ta tashi. Layim ba ya tafiya da kansa a cikin ƙasa, inda aka ajiye shi nan yake zama, don haka sai an watsa shi ko'ina garma ta juya shi, maimakon a tara shi a gindin shuka. Kada a haɗa shi da yuriya ko ɗanyen kashin kaji a rana ɗaya, domin zai kori naitirojin ɗin ya bi iska, har mutum ya ji warin yana hawa hanci. Toka ma haka take yi. A bar mako uku ko huɗu tsakani. Mai shakka kuma ba sai ya yi wa gona duka ba: ya zaɓi kunya goma ya zuba, ya bar goma na kusa da su, ya ba su iri ɗaya da taki ɗaya, ya auna abin da kowanne ya bayar a kaka biyu a jere.

Abin da ya rage shi ne samu. Dilolin taki a Kaura da Shinkafi kamfa da yuriya suke kawowa, domin su ake tambaya. Garin dutsen layim kaya ne mai nauyi mai arahar asali, kuɗinsa kusan duk na niƙa ne da mota, shi ya sa sayen buhu ɗaiɗai ba ya biya. Tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhu 600, abin da zai ishi hekta 30 zuwa 60 na jigawa. Wannan lissafin ƙungiyar manoma ne ko na gunduma guda, bayan an auna gonaki an ware masu bukata, kuma kafin a biya sai an nemi takardar da ke nuna makin ƙarfin garin da laushinsa. Ɗanyen dutsen ba ya lalacewa a ajiye in ruwa bai taɓa shi ba, don haka abin da ya saura zai iya jiran awo na gaba bayan shekara uku.